Gina Gida Da Hannunka: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Mallaki Muhalli Ba Tare Da Ya Karya Jari Ba

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Birnin Konni zuwa Illela, ko kuwa ta Magarya zuwa Babura, ba sai an nuna masa da yatsa ba. A bakin kowane gari akwai kangaye jere, gini ya kai linta ya tsaya, ba rufi ba ƙyaure, ciyawa ta tsiro a tsakar ɗaki, awaki sun mai da falo wurin kwana. Da yawa daga cikin masu waɗannan kangaye 'yan uwanmu ne 'yan kasuwa. Shekarar da ciniki ya yi kyau suka zana gida mai ɗaki shida, suka zuba riba, riba ta ƙare suka taɓa uwar kuɗi, daga nan kasuwa ta juya. Yau ga su ba gida ba jari, kuma har yanzu suna biyan kuɗin haya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna da masu karatunmu a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai gina gidansa da hannunsa, ya kuma ƙarasa shi, ba tare da shagonsa ya mutu ba. Abin da muka fahimta shi ne, gida mai araha na gaskiya shi ne wanda aka kashe kuɗinsa a inda ruwa ke taɓa shi, wato ƙafarsa da kansa, sauran aikin kuma mai gida da iyalinsa suka sa hannu suka yi, ɗaki bayan ɗaki, kowane ɗaki a rufe shi kafin damina ta faɗi.

Kuɗin gini daban, jari daban

Ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa sanin cewa kuɗi ba su da tabbas. Manyanmu ba su manta da watan Janairun 1994 ba, ranar da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Matasanmu kuma sun ga yadda naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dalar Amurka ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa wajen 1,500 a farkon 2024, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwan Nijeriya cikin Fabrairun 2024. Ga kuma rufe iyaka: Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Wanda ya fara babban gini da lissafin wata guda, kafin ya kai rufi sai ya tarar lissafin ya ruguje.

Saboda haka doka ta farko ita ce a raba asusu. Kuɗin gini su fito daga riba kaɗai, ko daga adashin da aka shiga musamman domin gini. Ranar da ka ga kana sayar da hajar da za ka juya don ka biya magini, to gida ya fara cin kasuwa, sai a dakata. Bulo ba ya haihuwa, amma buhun wake ko dilar atamfa tana haihuwa a kowane mako.

Doka ta biyu, a san abin da ake ajiyewa da wanda ba a ajiyewa. Rodi, kwano, ƙusa, ƙyauren ƙarfe, taga, tsakuwa da yashi duk ana iya tara su sannu a hankali, a saya lokacin da canji ya yi wa mutum daɗi, a wannan ɓangaren iyaka ko wancan, tare da lissafin kuɗin mota da na kwastan kafin a ce an samu sauƙi. Siminti kuwa ba ya ajiyuwa. Idan ya wuce wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, in kuma ya sha danshi ya dunƙule, ya zama dutse. Wanda ya samu siminti da sauƙi, ya buga bulo da shi nan take, domin bulo na iya shekara a jibge bai lalace ba. In ya zama dole a ajiye buhuna na 'yan makonni, a ɗora su kan katako, kada su jingina da bango.

Fili da takarda tun kafin tubali

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gida kuma tun daga fili ake gane shi. Kada ka sayi fili da rani ba tare da ka tambayi yadda yake zama a watan Agusta ba. Ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Filin da ya cika araha a bakin gulbi, ko cikin fadama, ko kan tsohuwar hanyar korama, arahar tasa tana da dalili. Mutanen Maraɗi sun san wannan tarihi, domin tsohon garin a cikin kwarin gulbi yake, sai da ambaliyar 1945 ta rusa shi sannan aka dawo da gari kan tudu. A daminar 2024 ma, ambaliya ta hallaka sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, gidaje masu yawan gaske suka zube, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi ji a jika. A watan Satumba na shekarar ne tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama.

Sai maganar takarda. A Nijar, filin cikin gari da aka yanka yana da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, na karkara kuma akwai hukumomin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar mallaka ta filin birni, ƙaramar hukuma kuma ta ba da ta karkara. Ko a wane ɓangare kake, kada ka wadatu da maganar baki. A rubuta ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa hannu, a kafa alamar iyaka a gaban maƙwabta. Idan kuwa a filin gado za ka yi gini, sai a zauna da 'yan uwa a rubuta abin da aka yarda a kai tun kafin a haƙa tushe. Rigimar da ke tashi bayan an rufa ɗaki ta fi wadda ake kashewa a kan fili tsada.

Zana babba, gina ƙarami

Babu laifi mutum ya zana gidan da yake buri, har ma ya fi kyau a zana shi duka tun farko, a san inda zaure zai zauna, inda ɗakunan iyali za su jeru, da inda makewayi da madafi za su kasance. Amma a fara da abin da za a iya rufewa a rani guda: ciki da falo, ko ɗaki biyu masu bango ɗaya a tsakani, da makewayi, da shingen zana ko kara kafin a samu halin katanga. Da zarar an tare, kuɗin hayar da ake biya sun koma kuɗin bulon ɗaki na gaba. Wanda filinsa ya kalli titi, ya fara da shago a gaba, shagon zai taya shi gina sauran.

Wajen zanen, a sa dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, domin rana ta gabas da ta yamma ita ce ke dafa ɗaki. A tuna kuma cewa a ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, don haka shi ya fi bukatar kariya, kuma ba a cika yi masa manyan tagogi ba. A sa tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa. Ramin masai kuwa a nisanta shi da rijiya, in fili ya ba da dama har mita 30, kuma ya kasance a gangaren rijiyar.

Fitar da kusurwa ba ya bukatar injiniya. Da igiya da turaku da tef ɗin awo an gama: a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, idan tsakanin bakin biyun ya ba da mita 5 daidai, kusurwa ta miƙe. Bayan an kafa turaku huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, in awon ya zo ɗaya ɗaki bai karkace ba. Ɗakin da ya karkace tun daga igiya, har wajen ɗora kwano sai ya ci kuɗi.

Bari mu yi lissafi

Mu ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi. Kewayensa mita 16 ke nan, fuskar bango kuma murabba'in mita 48. In an cire ƙofa da taga, saura kamar 45. Bulon siminti mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'in mita, ka ga ana bukatar kusan 560, a ce 600 saboda masu fashewa. Idan aka buga bulo 30 a buhu, buhu 20 ke nan, wato tan ɗaya cif na siminti ya tafi a bulo kaɗai. Kwaɓin ɗora bulon zai ci kamar buhu 9, filasta ciki da waje kamar 9, daɓen ƙasa kamar 7, ga tushe ga linta. Kafin a gama, ɗaki ɗaya ba zai gaza buhu 50 ba. Ko da farashin da gwamnatin Nijar ta ƙayyade a Oktoban 2024 bayan ambaliya, inda aka tsaida tan ɗin siminti mai lamba 32.5 a kan jika 55 a Yamai, kowa ya buga lissafin zai ga cewa siminti kaɗai ya kai jarin wani mai tebur, ba a zo maganar kwano da katako da ladan magini ba.

To amma idan aka yi tushe da siminti, aka ɗora layi uku ko huɗu na bulon siminti, sannan aka ci gaba da bulon ƙasa har sama, simintin da ɗakin zai ci bai wuce kusan rabin wancan ba. Sauran kuwa ƙasa ce da ruwa da ƙarfin mai gida.

Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne

Mun san yadda ake kallon abin a yau: wai ginin ƙasa na talaka ne, ɗan kasuwar da ya samu sai siminti. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano ba sili a watan Afrilu, ya san abin da kakanninmu suka sani. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi, da hunturu kuma yana riƙe ɗumi.

Kuma duniya ta daɗe da shaida wannan sana'a tamu. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da icce, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tsohon birnin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27 sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A Dandaji, cikin jihar Tawa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Irin wannan bulo ana zuba masa siminti kaɗan ne, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ya fito da ƙarfi da kyan gani, ba ya ma bukatar filasta. Inda akwai injin matse shi kusa, ya cancanci a tambayi farashi.

Wanda zai buga bulon ƙasa da kansa, ya fara da gwada ƙasar. A kwaɓa kaɗan, a mulmula ta kamar kaurin babban yatsa, a riƙa turo ta daga tafin hannu. In ta karye tun ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, yashi ya yi yawa. In ta zarce tsawon tafin hannu ba ta karye ba, laka ta yi yawa, za ta tsattsage in ta bushe, sai a ƙara yashi. A kauce wa baƙar ƙasar sama ta gona, a haƙa zuwa birji. A zuba tattakar ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ya ruɓa kafin a zuba a ma'auni. Bulon ya bushe sarai, mako biyu ko fiye, ana juya shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: a sake shi daga tsayin ƙugu, in ya tarwatse ba na gini ba ne.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da kududdufai ke da sauran ruwa, ba sai an sayi ruwan 'yan garuwa ba. A yi gini da sanyi, a rufa kafin ƙarshen Afrilu. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa sannan ya nemi kafinta, ya sa bangonsa a caca.

Ƙafa da kai: inda ba a rowa

Ruwa ta hanya biyu yake kashe gida, ta ƙasa da ta sama. Galibin gidajen ƙasa da ke faɗuwa da damina daga gindi suke jiƙewa, ruwa ya kwanta ya ci ƙafar bango, nauyin sama ya danne. Don haka a haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, wanda a yawancin wurare ba ya gaza rabin mita, a cikin yashi kuma ya fi haka. A zuba kankare ko a jera dutse, a ɗaga gindin bango da bulon siminti ko dutse har ya haura ƙasa da kamar taku biyu, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa don danshi kada ya hau, sannan a fara ɗora na ƙasa. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi tudu, a kuma yi wa ruwa hanyar fita tun kafin ya nema wa kansa.

Kwaɓin siminti yana da ƙa'ida, kuma a nan ne araha ba ta ado. Kankaren linta da ginshiƙi: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Kwaɓin ɗora bulo: ɗaya ga shida. Ruwa kada ya wuce kamar jarka ɗaya mai lita 25 a buhu, domin kwaɓin da ya yi ruwa-ruwa daɗin aiki gare shi amma ba shi da ƙarfi. Yashi ya zama mai tsabta, wanda in ka damƙa a hannu ba ya barin laka. Bayan an zuba, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da komai, domin siminti da ruwa yake nuna, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wannan ba da ruwa aiki ne da ko yaro zai iya, amma shi ne aka fi sakaci da shi. Masu sayen bulo a kasuwa kuma su lura, akwai masu buga 50 ko fiye a buhu guda. In ka murza gefen bulo da yatsa ya zubo kamar gari, bar shi a nan.

Sai rufi. Kwano ana sayar da shi bandir-bandir, falle 20 a bandir, kuma kaurinsa ya bambanta. Mai laushin nan da ke lanƙwashewa a hannu, 'yan shekaru kaɗan zai yi ya fara yoyo. A ba rufin gangare sosai, a bar bakinsa ya zarce bango da kamar rabin mita don ya kare shi daga feshin ruwa. A haɗa falle da falle da kyau, a buga ƙusa a kan tudun kwano, kada a buga a kwarinsa inda ruwa ke gudu. Abu mafi muhimmanci, a ɗaure katakon rufi da waya mai kauri ko rodi da aka binne cikin bango tun ana gini, layi uku ko huɗu daga sama. Guguwar farkon damina ba ta tambayar nawa ka kashe, in rufi ba a ɗaure yake ba sai ta ɗauke shi ɗungurungum ta kai gidan maƙwabci. Jera duwatsu a kan kwano ba ya maye gurbin ɗauri.

Mai son rufin soro, ya san cewa azarar giginya, wadda gara ba ta ci, ta yi wuya ta yi tsada, har a dajin giginyar Dallol Mawuri da ke yankin Gaya ba a sara sai da izini. Azara kuma ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kamar mita biyu sai da dabarar magina, irin su bakan gizo da ɗaurin guga. Wannan ƙarancin icce ne ya sa tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a Nijar gini marar icce, inda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa zalla a siffar baka ko tulluwa. A Burkina Faso ma akwai wata ƙungiya da aka kafa a 2000 mai yaɗa irin wannan rufi na ƙasar Nuba, wanda faɗin ɗakinsa ba ya wuce mita uku da 'yan kai. Rufi ne mai sanyi da sauƙin kuɗi, amma aikin wanda ya koya ne, kada wani ya gani a hoto ya ce zai gwada a kan iyalinsa. Kowane irin soro aka yi, indararo ya zama dogo, a share shi kafin damina, a sa dutse inda ruwansa ke zuba.

Me za ka yi da hannunka, me za ka bar wa masu shi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gina gida da hannunka ba ya nufin ka kori magini. Abin da ake nufi shi ne ka zama leburan kanka, kai da samarin gidanka. Haƙa tushe, buga bulo, jigilar ƙasa da yashi a amalanke, kwaɓi, miƙa bulo, ba siminti ruwa, cike ɗaki da ƙasa a daddaɓe, yaɓe, shafa farar ƙasa, duk waɗannan ba su fi ƙarfin mai lafiya ba, kuma su ne ke cinye kaso mai yawa na ladan aiki. Ɗan kasuwa ba kullum yake cin kasuwa ba. Mai zuwa Maigatari ran Alhamis ko Illela ran Lahadi yana da ranakun da zai ba gini safiyarsa. Al'adar gayya ma ba ta mutu ba: a kira abokan sana'a ranar haƙa tushe ko ɗora rufi, a dafa abinci, gobe kai ma ka je nasu.

Amma akwai ayyukan da ba a koyo a kansu. Ɗora bango ya miƙe, ɗaurin rodi da zuba linta, kafa katakon rufi, waɗannan a nemi gwani. Haɗa wutar lantarki kuwa ko kusa kada a yi kasada, mun ga isassun gobara a kasuwanninmu da gidajenmu da suka tashi daga siririyar waya da haɗin gangan. Haƙa ramin masai mai zurfi a ƙasa mai yashi shi ma a bar wa masu sana'ar, domin rami na ruftawa da mutum.

Wajen biyan magini, a yi jinga mataki-mataki: tushe kaza, zuwa linta kaza, zuwa rufi kaza, a biya bayan an ga aiki. Kayan aiki ka saya da kanka, ka ƙirga buhu da safe, ka ƙirga fanko da yamma. Zuwa da kai ya fi aike. Shi kuma magini in ya cika alkawari, a ba shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin shi za ka sake nema baɗi.

Ƙarasawa ba tare da ƙawa ba

A nan ne da yawa ke tuntuɓe, an rufa ɗaki amma an ƙi tarewa sai an sa tayil da silin roba da fenti mai sheƙi. Abin da ɗaki ke bukata kafin a shiga shi ne ƙyaure mai ƙarfi, taga mai ragar sauro, daɓe da yaɓe. Sauran duk suna iya jira.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Ƙasa tana kumbura tana motsi da danshi, siminti ba ya motsi, sai ya tsage ya rabu da bango, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale a ciki yana cin gini a ɓoye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In dole sai siminti, a fara kafa ragar waya da ƙusoshi a jikin bangon don ya samu abin kamawa, a kuma fi ba bangon gabas muhimmanci. In ba haka ba, yaɓen gargajiya ya wadatar: ƙasa mai kyau da aka kwaɓa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wadda ke sa bango ya ƙi shan ruwa. Magabata har laso suke yi da katsin marina da gashin jima da dafara, ya yi shekaru bai motsa ba. Yaɓen ƙasa yana son a sabunta shi duk shekara ɗaya ko biyu kafin damina, aikin yini biyu ne ga mutanen gida.

Daɓen ƙasa da tsakuwa da makuba, irin wanda iyayenmu mata ke yi da maɗabi, har yanzu yana aiki, a shimfiɗa leda ko tabarma a kai. Mai hali ya yi na siminti, in ya so daga baya ya sayi fasassun tayil, waɗanda ake sayarwa da araha, ya jera. Farar ƙasa ta fi fenti sauƙi, tana haskaka ɗaki, tana kuma barin bango ya yi numfashi. In fenti za a shafa a kan filasta, a jira ta bushe sarai na wasu makonni, in ba haka ba zai ɓare. Ƙarƙashin kwano kuma a yi sili ko da na zana ko tabarma ne, a bar 'yan ƙofofin iska masu raga tsakaninsa da kwanon don zafi ya riƙa fita. A zagaye gindin bango da ɗan dakali mai gangarowa waje. A shuka bedi ko wani icce mai inuwa ta yamma da ɗaki, amma a ba shi tazarar mita huɗu ko biyar saboda saiwa. Katakon da za a sa a rufi ko ƙofa a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kuma duk shurin da ke cikin fili a tone shi kafin a fara aiki.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan uwa 'yan kasuwa da kada gasa ta ja su. Wane ya yi bene ba dalili ba ne na ka binne jarinka a ƙasa. Ɗaki biyu da aka rufa, aka tare, yara na wasa a tsakar gida, sun fi ɗaki goma da ke tsaye ba rufi. Sannu ba ta hana zuwa. Bana ɗaki da makewayi, baɗi katanga da zaure, shekara ta uku shago, kasuwa kuma tana nan tana juyawa. Kafin kaka ta zo, sai kowa ya zauna da alƙalami ya rubuta abin da ribarsa za ta iya rufewa a rani guda, ya tsaya a nan. Allah ya ba kowa muhallin kansa, ya sa albarka a nema.